Dusar Gahawa Ba Za Ta Dafa Tuwon Unguwar Gano Ba

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, akwai wata magana da ke yawo a wayoyinmu da ɗakunan karatunmu wadda ya kamata a tsaya a tankaɗe ta a rairaye. Maganar kuwa ita ce wai Turawa sun gano yadda ake tatsar man mota daga dusar gahawa, watau garin da ke saura a gindin tukunya bayan an dafa an tace, saboda haka mu ma sai mu tashi tsaye kada a bar mu a baya. Har an fara jin masu neman batun kundin kammala digiri suna lasar leɓe a kanta. Mu dai ra'ayinmu a fili yake: a Kano wannan sana'a ba za ta mayar da ko kuɗin dako ba, kuma duk sa'ar da aka ɓata a kanta an ƙwace ta ne daga aikin da talaka yake jira.

Kada wani ya ɗauka wasa muke da batun makamashi. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sa'an nan a 2024 ta wuce 1,000. Kananzir kuwa tun a 2022 litarsa ta haura naira 1,000, kilon iskar gas na girki shi ma ya bi sahu a 2024. Wanda duk ya ratsa lungunan Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da magariba hancinsa zai gaya masa sakamakon abin. Tukwanen gas sun koma ƙarƙashin gado, kurfoti da murhun duwatsu uku sun dawo tsakar gida. Masinja da malamin firamare da ƙaramin akawu, waɗanda albashinsu ba ya ganin ashirin ga wata, su ne ke awon gawayi a leda kullum safiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020, mafi yawan masu shaƙarsa kuwa mata ne da 'ya'yan da ke goye a bayansu. Ga kuma itatuwan da ake sarewa a dazuzzukan nesa domin a cika manyan motocin da ke shigowa birni. To, wanda zai zo wa mutanen nan da magani, wajibi ne ya zo da lissafi a hannunsa.

Bari mu yi wa gahawa adalci tukuna. Gaskiya ne akwai mai a cikin dusarta, tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinta in ta bushe. A 2008 wasu masana a Jami'ar Nebada da ke Reno a Amurka, ƙarƙashin Farfesa Mano Misra, suka nuna cewa ana iya tsamo man nan da sinadari a mai da shi dizal. Ba mu da ja a kan wannan. Amma abin da ya yiwu a kwalbar ɗakin gwaji daban, abin da zai ci da mai shi a kasuwa daban.

Ga lissafin, kowa ya ɗauki alƙalami ya bi mu. Dusar gahawa in ta fito daga tukunya fiye da rabinta ruwa ne. In ka tara tan guda, watau kilo 1,000, ka busar, da ƙyar za ka tsira da kilo 400. In ka yi sa'a man da ke ciki ya kai kashi 15 cikin ɗari, ka sami kilo 60, abin da bai wuce lita 65 ba. Jarka uku ke nan da 'yan kai. Kafin ka kai ga jarkokin nan uku ka biya mai tarawa gida-gida, ka biya motar da ta yi dakon ruwan kilo 600 da ba ka bukata, ka ƙona wani makamashin wajen busarwa da sauri domin jiƙaƙƙiyar dusa ba ta kwana biyu ba ta yi fumfuna ba, ka sayi sinadarin tsamo mai da sinadarin juya shi, waɗanda duk da kuɗin waje ake shigo da su. In kuma ka juya lissafin ta ɗaya gefen, kofi guda na gahawa ba ya cin gari fiye da giram 10, ashe sai an sha kofi 600 ko fiye kafin a sami lita ɗaya tak.

Wani zai ce ai a Ingila an yi. Lalle an yi, kuma labarin ya cancanci a ji shi har ƙarshe. A 2013 wani saurayi mai suna Arthur Kay ya kafa kamfanin bio-bean a Landan, birnin da ake shan gahawa kamar ruwa, ga shaguna dubbai jere da juna, ga tituna masu kyau, ga motocin kwasar shara masu zuwa a kan lokaci, ga masu zuba jari. A watan Nuwamba na 2017, da taimakon kamfanin Shell, aka yi shela ga duniya cewa an tatsi lita 6,000 na man gahawa an gauraya da dizal domin motocin bas na birnin. Su da kansu suka ce wannan adadi zai ishi bas guda ne na shekara ɗaya, alhali kuwa birnin yana da bas wajen 9,000. Abin da kamfanin ya fi sayarwa a zahiri shi ne curin dusar da aka matse domin a hura wuta a murhun ɗumama ɗaki. Duk da haka a 2023 kamfanin ya durƙushe. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. In sana'ar ta sha wuya a garin da dusar ta fi yawa, ina dalilin da zai sa ta yi albarka a garin da babu ita?

Domin gaskiyar magana babu ita. A je teburin kowane mai shayi daga Kotu Rod zuwa Unguwa Uku a duba. Abin da ke kai shi ne ganyen shayi da madara da Milo da Nescafé na gwangwani ko na ƙulli, shi kuwa Nescafé narkewa yake yi ƙurmus a ruwan zafi, ba ya barin ko ƙwayar tsaki. Dusarsa tana can a masana'antar da aka dafa shi, inda tuntuni masu irin waɗannan masana'antu suke ƙona ta a tukwanen tururinsu, domin a can ne take tare wuri guda. 'Yan masu gahawar buta da ke zagayawa a kasuwanni da manyan otal-otal na Nasarawa, in an haɗa abin da suke zubarwa a yini, ba zai cika amalanke ba. Gahawar da ake nomawa a ƙasar nan kuwa tana can a tsaunin Mambila a Jihar Taraba da wasu jihohin kudu, ba ta da yawa, kuma tsakaninta da Tarauni tafiya ce ta yini guda cur ko fiye. Manomin Habasha ko na Barazil da ɓawon gahawa ya yi tsibi a bakin injin casarsa, in ya cura shi ya yi makamashi ya yi daidai. Mu in mun kwaikwaye shi da abin da ba mu da shi mun zama mai koyon iyo a kan tabarma.

Darasin da ke cikin wannan labari ya wuce gahawa. Kowace irin shara, kafin ta zama makamashin da zai biya kuɗinsa, sai ta cika sharuɗɗa uku. Na farko, ta kasance tana taruwa da kanta wuri guda, domin dako shi ne ke cinye riba. Na biyu, ta kasance a bushe, ko kuwa a sarrafa ta ta hanyar da ruwanta ba zai zama cikas ba. Na uku, kada ya zamana akwai wani amfani da ake yi da ita wanda ya fi ƙonawa daraja. Wanda ya riƙe waɗannan uku ba ɗan kwangilar da zai ruɗe shi da hotunan majigi.

Sharaɗi na uku shi ne wanda 'yan boko suka fi mantawa, domin a takardunsu sukan rubuta cewa sharar gona kyauta ce. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kakanninmu ba su san wani abu wai shi shara ba. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, tun a shekarun 1960 ya bayyana yadda jakunan ƙauyukan kewayen Kano ke shigowa birni da itace su koma da takin bola a mangala, ta haka gonakin karkara suka yi ɗaruruwan shekaru ana nomansu ba hutu. A 1990 shi da abokan aikinsa na Jami'ar Bayero suka fitar da littafi a kan itacen girki a Kano, inda suka nuna cewa manoman kewayen birni suna tattalin itatuwan gonakinsu, itacen da birni ke ci kuwa daga nesa ake ƙara jawo shi. Saboda haka wanda ya dubi karan dawa a gona ya ce zai kwashe ya kai masana'anta, sai ya fara gaya mana da me za a yi danga da zana, me shanu za su ci da rani, kuma me zai koma cikin ƙasa. Kara yana da masu shi. Harawa da dusar gero ma haka.

To, wace shara ce ta cika sharuɗɗan uku a Kano? Ta farko ita ce buntun shinkafa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ta zama rumbun shinkafa, yau kuma injinan casa manya da ƙanana sun cika hanyar Zariya da unguwannin masana'antu. Kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne. Injin da ke cashe tan 100 a yini yana zubar da tan 20 na buntu a bakin ƙofarsa, a bushe, ba wanda ya biya kuɗin tarawa. Zafin da kilo guda na buntu ke bayarwa ya kusa na kilon busasshen itace, wajen rabin na gawayi ke nan. Dabba ba ta samun abin kirki a cikinsa saboda yashin da Allah ya halitta a jikinsa, ƙasa kuma ba ta saurin cinye shi. Matan da ke gumin shinkafa sun daɗe da sanin haka, da shi suke hura wutar tukwanensu ba tare da sun jira wani farfesa ba. A jihar Bihar ta Indiya, tun wajen 2008, kamfanin Husk Power Systems ya riƙa turara buntu yana fitar da iskar da ke juya janareta, kimanin kilo 2 na buntu a kan kowane yunit na lantarki, ya haska ƙauyukan da ba su taɓa ganin wuta ba.

Ta biyu ita ce dusar katako. Daga Unguwar Gano zuwa 'Yan Katako na Na'ibawa tafiya ce ta Adaidaita Sahu guda. Iyayenmu ba su manta da murhun dusa da ya ceci gidaje lokacin wahalar kananzir ta zamanin Janar Abacha ba. An yi watsi da shi da sauƙi ya samu, ba kuwa wanda ya zauna ya gyara shi ya rage masa hayaƙi. Ɓawon gyaɗa shi ma yana ci da kyau, sai dai tun da dalar gyaɗa ta rushe a tsakiyar shekarun 1970 bayan fari da cutar gyaɗa, kuma da yake a ƙauyuka ake ɓare ta, ba ya taruwa sai a 'yan wurare.

Ta uku ita ce jiƙaƙƙiyar shara: kashin shanu da tumbin da ake zubarwa a Abbatuwa, da kashin dabbobin 'Yan Awaki, da ruɓaɓɓun kayan marmari na 'Yan Lemo. Wannan ba a busar da ita. Rami ake ginawa a rufe ruf, ƙwayoyin halitta su ci su saki iskar da fiye da rabinta mai kamawa da wuta ce. Masu iya magana sun ce tusa ba ta hura wuta, amma ta cikin ramin nan tana dafa tuwo. Kilo 25 na ɗanyen kashin shanu yana ba da kimanin kubik mita ɗaya ta iskar, kilo 50 a yini kuwa ya ishi girkin ƙaramin gida. Daɗin daɗawa, abin da ya saura a ramin taki ne mai kyau, ashe gona ba ta yi asarar komai ba. Indiya da Sin sun gina irin waɗannan ramuka miliyoyi, kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta yi shekaru tana gwada su a ƙasarmu da zafin ranarmu.

Ba mu ce hanyar nan shimfiɗaɗɗiya ce ba. Yashin da ke cikin buntu yana cinye bakin injin matsa curi cikin ɗan lokaci, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa toka yake komawa. Curin da ba a yi shi da kyau ba yana marmashewa a buhu, yana hayaƙi, uwargida kuwa in ta gwada sau ɗaya ya ɓata mata miya ba za ta sake ba. Ramin iskar gas yana shan ruwa daidai da yawan kashin da aka zuba, a garin da ake sayen ruwa a jarka wurin 'yan garuwa, kuma sanyin hunturu yana rage masa ƙarfi. Shi kansa kamfanin Indiya da muka ambata, da ya zo Jihar Nasarawa a 2021, da hasken rana ya fara aiki. Amma ku lura, waɗannan duka matsaloli ne irin na maƙeri da injiniya da akawu, irin waɗanda aka gina jami'a domin ta warware. Wane ƙarfe ne zai jure wa buntu, kuma maƙeranmu za su iya ƙera shi? Da me za a ɗaure curi, sitacin rogo ko yumɓu ko ƙaro, wanne ya fi araha? Nawa buhun curi zai tsaya a Tarauni in an gwama shi da buhun gawayi? Matsalar gahawa kuwa ba injiniyan da zai warware ta, domin ba a matsar abin da babu.

Akwai kuma tambayar da ta fi duka nauyi: in buntu ya yi daraja, wa zai ci? Ran da aka ga kuɗi a cikinsa, ran nan mai injin casa zai sa masa farashi, babban ɗan kasuwa ya zo da tirela ya saye na shekara, mai gumin shinkafa da mai shimfiɗa wa kaji su koma sayen itace. Haka jari-hujja take, ba ta ganin abu sai ya fara ƙyalli, in ta gani kuwa sai ta ture wanda ya fara tsintarsa. Duk shirin da bai tanadi rabon waɗannan mata ba, ya ɗauke wuta ne daga wani murhu ya kai wani, sa'an nan a kira taron 'yan jarida a ce an ci gaba.

Mun taɓa ganin irin wannan rawa. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar man tsirrai, aka ce za a riƙa gauraya kashi 10 cikin ɗari na man rake da rogo a fetur, kashi 20 na man tsirrai a dizal. A lokacin ne duniya ta haukace a kan bini-da-zugu, wai zai yi 'ya'ya a fako ba ruwa ba taki. Kamfanin BP ya shiga harkar a 2007, ya zare hannunsa a 2009, da aka gane cewa shukar da ba ta sha ba ta ci ba, ba ta ba da mai. Har yau direban Kano bai ga wannan gaurayayyen mai a famfo ba. Barazil kuwa da ta fara shirinta na man rake a 1975 ta ci nasara, domin ta gina shi a kan abin da ta fi kowa nomawa, tana kuma ƙona sauran raken da aka matse ta juya injinan masana'antar. Masu mazarƙwaila na ƙasar Maƙarfi dabararsu ke nan tun kaka da kakanni.

Za a ce mana ilmi ba shi da iyaka, a bar ɗalibi ya binciki abin da ransa ke so. Mun yarda, in da kuɗin ubansa yake yi. Amma ɗakin gwajin da ba ya samun lantarkin sa'a huɗu a jere, da sinadarin da ake auna wa ɗalibai da cokali, dukiyar talakawa ce, su kuwa suna da haƙƙin tambayar abin da aka yi musu da ita. Za a kuma ce ai ga bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, mai tsawon kilomita 614. Madalla da shi. Amma masana'antu da tashoshin lantarki aka nufa da shi, ba wanda ya yi alkawarin zai ratsa lungu ya shiga madafar matar masinja.

Saboda haka muna kira da babbar murya. Ga shugabannin sassan kimiyya da injiniya da tattalin arziki: kada a karɓi kundin bincike a kan makamashin shara sai ɗalibi ya nuna inda sharar take a jihar nan, nawa ce, wa ke amfani da ita yanzu, kuma nawa ne dakonta. Ga Ƙungiyar Ɗalibai: a hutun da ke tafe a tura ayari da sikeli da littafi, su auna abin da gida hamsin a Unguwar Gano ke kashewa a kan gawayi da itace a mako, su auna abin da injinan casa goma ke zubarwa, a buga sakamakon a wannan mujalla da Hausa domin masu abin su karanta. Ga yayyenmu na ma'aikatun muhalli da gona da ciniki, da na Ƙaramar Hukumar Tarauni: ku ne ke rubuta takardar da kwamishina ke sa wa hannu. In aka kawo muku shiri mai sunan Turanci da hoton bas ɗin Landan, ku tambayi tan nawa, daga ina, naira nawa, wa zai saya. A fara da masu gidajen burodi da masu gurasa da makarantun kwana, waɗanda ke cin itace da mota-mota, domin su ne kasuwar da za ta riƙe mai yin curi kafin ya kai ga gidaje.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Digirin da muke fafutukar samu, da harajin mai gawayi da mai gumi da mai shayi aka biya shi, kuma ba su aiko mu domin mu haddace sharar wasu ba. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Allah ya ba mu ikon tonawa.